Kyautar ƙaramin soja ga mai wasan yaƙin tebur: ka haɗa, ka sassaƙa, ka buga, ko ka ba da aiki?

Duk wanda ke da ƙane ko aboki mai wasan yaƙin tebur ya san yadda abin yake kama mutum. Tebur ake shimfiɗawa, a jera masa gidaje da duwatsu na kwaikwayo, kowane ɗan wasa ya zo da rundunarsa ta ƙananan sojoji da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, a auna nisa da tef, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya samu wa. Wasa ɗaya awa biyu ne ko uku, amma haɗa sojojin da yi musu fenti watanni yake ci. Shi ya sa idan lokacin kyauta ya zo, ɗaurin aure ne ko kammala karatu ko Sallah, sai hankali ya tafi kan yi masa soja na musamman, wanda babu irinsa a hannun kowa. Tunanin mai kyau ne. Sai dai hanyoyin yinsa suna da yawa, kuɗinsu da wahalarsu ba ɗaya ba, kuma akwai wadda za ka bi ka zuba kuɗi, ka ƙare da ba shi abin da ba zai iya ɗorawa a tebur ba.

Akasarin masu wasan nan kayan Games Workshop suke amfani da su. Kamfanin ya fara a Landan a 1975, yanzu hedkwatarsa tana Nottingham a Ingila, shi ya fito da Warhammer a 1983, ya bi shi da Warhammer 40,000 a 1987, wanda ya fi kowanne jama'a a yau. A garin nan dai akwai masu yin sojojin tarihi, irin su Perry Miniatures da Warlord Games, mai wasan Bolt Action na Yaƙin Duniya na Biyu. Sanin wanne daga cikinsu mutuminka yake yi shi ne matakin farko, don kayan wannan ba lallai su shiga na wancan ba.

Kafin ka kashe ko sisi, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: a ina sojan zai tsaya? Cikin 'yan'uwansa a teburin wasa, ko shi kaɗai a kan kanta? Idan na kanta ne, ƙofa a buɗe take, yi abin da ranka ke so. Idan na tebur ne, hannunka a ɗaure yake ta wurare da dama. Faifan da sojan ke tsaye a kai yana cikin dokar wasa, domin daga bakinsa ake auna nisa. Space Marine na yau da kullum, wato sojan sulke na Warhammer 40,000, faifansa milimita 32 ne, in ka ɗora shi a kan na milimita 50 don ya fi kyan gani, ka fitar da shi daga wasa. Makamin da ke hannunsa ma magana ce, domin gasa da yawa suna so abin da ido ya gani a hannun soja ya zama shi ne abin da aka rubuta a takardar runduna. Sai tsayi. A Warhammer 40,000 sunkuyawa ake yi a duba ko wannan soja yana hango wancan. Ka ɗora gwarzonka a kan dogon dutse, kowa zai hango shi ya harbe shi. Ka durƙusar da shi, a zargi mai shi da neman sauƙi. Kuma a gasar da kamfanin Games Workshop ke shiryawa da kansa, sojojinsa kawai yake karɓa. Gasar da wasu ke shiryawa kowace da dokarta.

Don haka ka yi ɗan leƙen asiri. Ka ɗauki hoton rundunarsa daga kusa, har da ƙasar da ya zuba a kan faifan, yashi ne ko ciyawa ko dusar ƙanƙara. Ka nemi abokin wasansa ka tambaye shi wace runduna yake ja, wane shugaba ne bai da shi, wane makami yake so. Abokin wasa ya fi kowa sanin wannan, don shi ke jin ƙorafinsa kullum.

Hanyar da na fi yarda da ita ga mafi yawan mutane ita ce ka sayi kwalin sojojin roba na rundunarsa, ka ɗauki soja guda, ka canza masa kai, ko hannu, ko makami, ko tsayuwa, da gutsattsarin da ke cikin wani kwalin. Dalilina yana cikin robar kanta. Roba ce mai tauri da wuƙa ke yankawa cikin sauƙi, kuma gam ɗinta, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, ba liƙa ta yake yi ba, narkar da bakin gutsattsarin biyu yake yi har su zama abu guda. Sojan da aka haɗa haka zai faɗo daga tebur ya tashi lafiya. Kayan aikin ma ba su da yawa: ɗan almakashi mai yanke gutsattsari daga firam ɗinsu, wuƙar aiki mai kaifi, samfefa mai laushi, ɗan mahujin hannu mai bakin milimita 1, da ɗan Blu Tack na gwaji, wato danƙon da ke manna abu na ɗan lokaci a kuma cire shi.

Gwajin nan shi ne rabin aikin. Kada ka sa gam tukuna. Ka manna kai da hannaye da Blu Tack, ka ajiye sojan a tebur, ka ja baya, ka juya shi ta kowane gefe. Abin da za ka duba shi ne ko idonsa yana kallon inda makaminsa ya nufa, ko nauyinsa yana kan ƙafar da ta dace, ko kafaɗar da ta ɗaga takobi ta ɗaga tare da shi. Ɗan juya kai kaɗan zuwa hagu yana mayar da sojan da ke tsaye kawai ya zama mai ba da umarni. In za ka canza makami, a wuyan hannu ake yankawa, daidai inda safar hannu ta haɗu da damtse, domin nan ne yanka ke ɓuya. Ka huda duka ɓangarorin biyu, ka tura guntuwar waya a tsakani, ko da ta kilif ɗin takarda ce, sannan ka sa gam. Akwai kuma siririn layi da ke bin jikin kowane gutsure, inda bakin mazubin masana'anta ya haɗu. Ka kankare shi da bayan wuƙa. Ba ya ganuwa sosai a kan robar toka, amma da zarar fenti ya hau, shi ido zai fara gani, kuma mai wasa zai gan shi tun kafin ya ga rawanin da ka sha wahala a kai.

Ba kowace runduna ce ke karɓar wannan aiki daidai ba. A cikin rundunonin Warhammer 40,000, Orks, wato korayen dodanni, sun fi kowa yafiya, domin a labarin wasan ma kayansu na bola ne, tarkacen ƙarfe da aka ɗaura da ƙusa, duk abin da ya karkace sai ya zama ado. Space Marines suna da sauƙi don kawunansu da kafaɗunsu suna shiga jikin juna, amma ka lura cewa sababbin da aka fara fitarwa a 2017, waɗanda ake kira Primaris, sun fi na da girma. Aeldari da Necrons sirara ne, jikinsu sumul, kuskure kaɗan yana fitowa fili, ban ba sabon hannu shawarar farawa da su ba. Haɗa kayan kamfanoni biyu kuma sai da lura. Sojojin Games Workshop manyan kawuna da manyan hannaye gare su, da gangan aka yi su haka don a gan su daga nesa. Na Perry kuwa girman gaɓoɓinsu irin na mutum ne na gaske, a ma'aunin milimita 28, wato kusan tsayin sojan ke nan. Kan Perry a wuyan Space Marine ƙarami zai yi ƙwarai.

Inda hanyar nan ke da ciwo shi ne kuɗi. Don kai ɗaya ko takobi ɗaya za ka iya samun kanka kana sayen kwali guda. Kwalin Games Workshop mai sojoji 10 ya fi kwalin Perry mai sojoji sama da 30 tsada, ga kuɗin aikowa daga Turai, ga kwastan. Maganin wannan yana hannun abokan wasansa. Kowane tsohon ɗan wasa yana da gwangwani ko akwati cike da ragowar kawuna da hannaye da bindigogi, kuma akasarinsu da murna za su bar ka ka tona in sun ji dalili.

Amma akwai abin da ba za ka samu a kowane kwali ba, kuma a nan ne danƙon sassaƙa ke shigowa. Iri biyu aka fi sani. Green Stuff yana zuwa ne a ɗan tsiri mai launi biyu, ruwan ɗorawa da shuɗi, a murza su tare har su koma kore. Kamar cingam yake, yana miƙewa, yana kama duk abin da ya taɓa, in ya bushe ma yana da ɗan lanƙwasa, shi ya sa ya dace da tufafi, gashi, igiya, da duk abin da ke naɗewa. Milliput, wanda ake yi a Wales, ya fi kama jiki, ana shafe shi da ruwa ya yi sumul, in ya bushe yana tauri har a goge shi da samfefa a fitar da kaifin kusurwa. Shi ne na cike rami, na garkuwa, na farantin sulke, na dutse a kan faifai. Masu hannu kan gauraya su biyun don su samu amfanin kowanne.

Bari in kusanto da misali, don a nan ne ɗan Hausa ke da abin da mai sassaƙa a Nottingham ba shi da shi. A ce kana so ka yi wa ƙanenka mahayi irin 'yan lifidin da ya saba gani a hawan Sallah. Doki da mahayi za ka saya, ba za ka sassaƙa su ba. Idan wasan tarihi yake yi, 'yan kamfanin Gripping Beast suna da kwalin roba na mahayan Larabawa, Perry kuma suna da jerin sojojin Sudan na zamanin Mahadi, na shekarun 1881 zuwa 1885, waɗanda kawunansu da masunsu da takubbansu ke da amfani sosai a nan. Idan Warhammer 40,000 yake yi kuma rundunarsa Astra Militarum ce, wato ta sojojin 'yan Adam na gama-gari, akwai mahayan Rough Riders masu māsu, kuma a labarin wasan akwai dakarun hamada na Tallarn masu naɗa kai, saboda haka rawani ba baƙo ba ne a wurin.

Rawanin za ka fara. Ka yanke ɗan tsakiyar tsirin inda launukan biyu suka haɗu ka zubar, don nan ya riga ya fara taurara tun a shago. Ka murza ragowar har kore ya daidaita, ka ajiye shi kamar minti 15 zuwa 20 ya rage kama hannu. Ka mulmula shi siriri, kaurin milimita 1, ka ɗan danne shi ya baje, ka naɗa a kan sojan yadda ake naɗa rawani na gaske, zagaye yana hawa kan zagaye. Da jiƙaƙƙen bakin tsinken sakace ko allura za ka ja layukan ninki, ba a jere ba, wasu gajeru wasu dogaye. Sai ka tsaya. Amawali gobe, bayan na yau ya bushe. Wannan ita ce dokar danƙo gaba ɗaya: aiki kaɗan, a bar shi ya kwana, a dawo. Wanda ya ce sai ya gama komai a zama ɗaya, babban yatsansa zai danne abin da ya yi da safe yayin da yake gyara na yamma.

Lifidin doki ya fi rawani sauƙi, ko da yake ya fi shi cika ido. Ka shafa ɗan man Vaseline a leda biyu, ka sa danƙon a tsakani, ka mirgina kwalba a kai har ya yi fale-fale. Ka yanka shi daidai jikin doki, ka shimfiɗa daga ƙirji zuwa gindi, ka bar wurin sirdi. Da bayan wuƙa ka ja layuka masu gicciye juna su fitar da gidajen ɗinkin auduga, ka ɗan danna allura a kowace mahaɗa don ya yi kumburin da lifidi ke yi. Sulke kuwa jerin ƙananan huji ne da bakin allura, layi ɗaya ka karkata dama, na ƙasansa ka karkata hagu. Hamilar takobi siririn tsiri ne daga kafaɗa zuwa kwiɓi. Kafin fenti ka wanke man nan da sabulu, in ba haka ba fentin ba zai zauna ba. Ka kuma sani zafi yana gaggauta bushewar danƙo. Lokacin aikin da mai zaune a Ingila ke samu, kai a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu ba za ka same shi ba, don haka ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, ragowar tsirin kuma ka ajiye shi a firji.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne sassaƙa soja gaba ɗaya daga waya zuwa fuska. Fuska da yatsu shekaru suke so. Michael Perry, ɗaya daga tagwayen da suka kafa Perry Miniatures, ya rasa wani sashe na hannunsa na dama a 1996 a hatsarin igwa wajen kwaikwayon yaƙin Crécy a Faransa, ya koma ya koyi sassaƙa da hagu, ya ci gaba da sana'arsa. Ina ambatonsa ne don girmamawa, da kuma don a ga cewa hannu koyo yake yi. Amma ranar bikin ƙanenka ba za ta jira ka koya ba. Ka bar fuska da yatsu ga masana'anta, ka sa danƙonka inda tufa take.

Na'urar bugawa ta 3D ita ce hanyar da ta fi jan hankalin mutane yanzu, kuma tana da abin yabo na gaske. Na'urori irin Elegoo Mars da Anycubic Photon suna daskarar da ruwan rezin da haske, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta yawanci kamar milimita 0.05, har soja ya fito da ƙananan bayanai da ke gogayya da na masana'anta. Akwai dubban fayilolin STL, wato zanen kwamfuta da na'urar ke bugawa, da masu zane ke sayarwa a shafuka irin MyMiniFactory, akwai kuma Hero Forge, inda za ka zauna a gaban kwamfuta ka zaɓi fuska da tufa da makami da tsayuwa, su buga su aiko maka, ko ka sayi fayil ɗin ka buga da kanka. In burinka sojan ya yi kama da mai kyautar, da gemunsa da tabaransa, babu hanyar da ta kai wannan sauƙi.

Sai dai ka auna abin da ke tattare da ita. Ruwan rezin guba ne ga fata da numfashi kafin ya daskare, sai da safar hannu, da iska mai shiga da fita, da wurin da yara ba sa kaiwa. Bayan bugawa sai an wanke sojan da sifirit mai ƙarfi, a gasa shi da hasken da ke ƙarasa taurara shi, a cire ƙananan sandunan da suka tallafe shi. Bugu ɗaya awanni yake ɗauka, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya, akasari aikin ya lalace, wanda ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ba shi da sola ko inbata. Rezin yana da saurin karyewa, takobi da mashi su ke fara tafiya. Gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu. Ga kuma maganar da na yi a baya: a gasar kamfanin ba zai shiga ba. Fayilolin da aka kwafi zanen kamfani kai tsaye kuwa satar fasaha ce, kada ka sa ta cikin kyauta. Sayen na'ura don soja ɗaya ba hankali ba ne. In akwai mai ita a kusa da kai, ka biya shi ya buga maka. A ganina wannan hanya ta fi dacewa da sojan kanta, da mai wasan Dungeons & Dragons, wasan labari da kowa ke riƙe da gwarzo ɗaya, da ke son siffar gwarzonsa, da kuma buga ƙaramin abu guda, kai ko garkuwa mai tambari, a ɗora a jikin sojan roba, idan dai ba gasar kamfanin mai shi yake zuwa ba.

Ba da aikin ga ƙwararre ba sai an tsawaita ba. Akwai masu yin wannan a matsayin sana'a, suna da matakan farashi, daga fentin da ya isa tebur zuwa na baje koli. Za ka samu kyau da ba za ka iya ba, za ka biya kuɗin da ya ninka na sojan sau da yawa, za ka shiga layi, wani lokaci na watanni. Ka nemi ganin ayyukansa na baya, ka tura masa hotunan rundunar, ku rubuta ranar gamawa, kada ka biya duka a farko. Ga mai kuɗi marar lokaci hanya ce mai kyau. Abin da ta rasa shi ne hannunka, kuma a kyauta irin wannan hannun yana da daraja. Akwai tsaka-tsaki da nake so ƙwarai: kai ka haɗa ka sassaƙa, ƙwararre ya yi fenti.

Fentin nan shi ne inda mutane suka fi rabuwa, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Ga masu wasa da yawa, fenti shi ne daɗin abin, ba wasan ba. Mutumin da ya shafe shekara yana daidaita shuɗin rundunarsa, in ka kawo masa shugaba da wani shuɗin daban, zai yi godiya da gaske, amma ba zai jera shi da sauran ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya wanke fentinka ba. In ka san mutuminka gwanin buroshi ne, ka ba shi sojan a haɗe, a gyare, da fentin shimfiɗa kawai, wato shafen farko da launi ke hawa a kai, toka ko baƙi. Ka yi naka, ka bar masa nasa. In kuwa irin wanda rundunarsa ke zaune a launin roba ne, bai damu da fenti ba, to ka yi masa.

In za ka yi, fentin ruwa na akirilik ake amfani da shi, na Citadel ko Vallejo ko Army Painter. Fentin shimfiɗa wajibi ne, in babu shi launi zai riƙa ɓarewa. Gwangwanin feshi ba ya cika bin jirgin sama, saboda haka ka nemi irin wanda ake shafawa da buroshi. Ka tsarma fenti da ruwa, shafa biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike ninkin rawanin da ka yi kwana biyu a kai. Fentin Contrast da Games Workshop suka fitar a 2019, da Speedpaint na Army Painter, taimako ne babba ga sabon hannu: a kan farar shimfiɗa, shafa ɗaya yana gangarawa cikin ramuka ya yi duhu, ya bar tudu da haske. A kan lifidi da sulke aikinsa abin kallo ne, a kan faffaɗan sulken Space Marine kuwa yana barin tabo in ba a yi hankali ba. Da hunturu fenti kan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin soja. Ka jiƙa soso a murfin roba, ka shimfiɗa takardar gashin burodi a kai, ka riƙa ɗiga fentin a nan, zai daɗe a jiƙe. Ka rufe sojan da kofi duk lokacin da ka tashi, saboda ƙura. Banish na ƙarshe kuma, wato shafen da ke kare fenti, kada ka fesa shi ranar da iska ke da laima da damina, yana iya yin fari-fari ya ɓata komai.

Akwai wata magana da ya kamata a yi ta a fili. A cikinmu akwai waɗanda ba sa ajiye mutum-mutumi a ɗaki saboda addini, wasu kuma gidan da suke zaune ne ba a so. Wanda ke wasan ya riga ya san matsayinsa, amma kai mai kyauta kana iya zama kai ne ba ka son sassaƙa siffar mai rai da hannunka. Wannan ba ya rufe ƙofa. Tankar yaƙi ko motar sulke tana karɓar gyara kamar soja, a ƙara mata kaya, a rubuta mata suna a gefe. Mafi alheri ma, ka gina masa filin wasa. Babu ɗan wasan da gine-gine suka taɓa isarsa, kuma gini ba ruwansa da wace runduna kake ja, ko wane launi, ko dokar faifai. Da kumfar roba mai tauri irin ta rufin gini, da kwali, da farin gam na kafinta, da yashi da aka tankaɗe, za ka iya tayar da guntun ganuwa da ƙofar gari, ko soro mai zankwaye, da indararo, da zanen dagi a goshin ƙofa. Ka ajiye soja ɗaya kusa da kai kana aiki, don ƙofa ta fi shi tsayi kaɗan, kan bango kuma ya ɗauki faifansa ya tsaya. Kada ka fesa fentin gwangwani kai tsaye a kan kumfar, narkar da ita yake yi, sai ka fara shafe ta da gam da aka tsarma. Duk cikin hanyoyin nan wannan ce mafi arha, ita ce kuma kusan duk kayanta ana samunsu a kasuwar garinku. Wanda ya kasa gano rundunar mutuminsa, ko lokaci ya ƙure masa ga jiran saƙo daga waje, nan ya kamata ya nufa.

Wanda kuwa ya san rundunar kuma yana da makonni a gabansa, soja ɗaya tak zai yi, shugaba, daga robar kamfanin da mai shi ke amfani da ita, a kan faifan da doka ta ce, da ɗan danƙo a inda zai nuna daga wa ya fito. Runduna guda ko tawaga ta mutum goma tana cinye sabon hannu, na farko zai yi kyau, na bakwai gajiya za ta bayyana a jikinsa. In kana shakkar makamin da zai so, ka binne ƙaramin maganaɗisu mai faɗin milimita 2 ko 3 a wuyan hannu da gindin kowane makami, ya riƙa canzawa da kansa. Ka tabbatar da fuskar maganaɗisun kafin ka sa gam, don kada su riƙa ture juna, ka kuma nisanta su daga ƙananan yara, haɗiyarsu hatsari ce babba.

Saura kai shi hannun mai shi lafiya. Kada ka naɗe soja da auduga, zarenta yana kama mashi ya karya. Ka manna maganaɗisu a ƙarƙashin faifan, ka tsayar da sojan a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba abin da zai taɓa shi ko da an jijjiga. Kada ka bar gwangwanin a mota cikin rana, musamman in akwai rezin a ciki, zafi yana lanƙwasa shi. A cikin murfin ka liƙa 'yar takarda da sunayen fentin da ka yi amfani da su, don ran da wani wuri ya ƙwarzane ya san abin da zai shafa. Ragowar gutsattsarin kwalin da ka saya, kawunan da hannayen da ba ka taɓa ba, ka zuba su a 'yar leda ka haɗa masa, zai yi amfani da su.